Ranar da 'yan kan dutse suka kunyata Mishigan a gidanta

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A fagen wasannin jami'o'in Amurka, duk lokacin da aka ɗauko irin wannan zance rana ɗaya ce take faɗo wa mutane a rai, wato Asabar 1 ga watan Satumban 2007, ranar da wata ƙaramar jami'a daga cikin duwatsun jihar Karolina ta Arewa mai suna Appalachian State ta bi Jami'ar Mishigan har gida ta doke ta da maki 34 da 32, a gaban 'yan kallo 109,218. Abin da ya ƙara wa labarin armashi shi ne, Mishigan ɗin ce da kanta ta gayyato su, ta kuma biya su dala 400,000, don kawai su zo ta lallasa su ta fara kakar wasanninta da ƙafar dama.

Shekaru sun shuɗe, amma har gobe idan ana lissafin wasannin da suka fi ba Amurkawa mamaki, wannan yana sahun gaba. Galibin masu ba da labarin sukan ɗauke shi a matsayin gamo da katar, irin abin nan da kan faru sau ɗaya a shekara ɗari. Ni kuwa da na bi yadda wasan ya gudana daki-daki, ban ga wata sa'a mai yawa a cikinsa ba. Abin da na gani shi ne zakarun ƙaramin aji waɗanda suka saba da cin wasa, amma masu sharhi ba su taɓa ɗaukar wahalar leƙawa ƙasa su ga ko su wane ne ba.

Wane irin ƙwallo ne wannan?

Mu a zango ƙwallon da muka sani shi ne wanda ake bugawa da ƙafa a zura a raga, don haka ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon mai siffar ƙwai ne, da hannu ake riƙe shi, kowane ɓangare mutum 11 ne sanye da hular kwano da sulke a kafaɗa. Tsawon fili yadi 100 ne, sannan kowace ƙungiya tana da gidanta mai yadi 10 a ƙarshensa. Wadda ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta ci yadi 10, ko ta hanyar gudu da shi ko ta jifa. In ta ci, a sake ba ta wasu huɗun, in ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo gidan abokan karawa ya samu maki 6, daga nan sai ya zaɓa, ko ya yi bugu mai sauƙi ya ƙara maki 1, ko ya yi kasadar sake shiga gidan daga kusa ya ƙara 2. Idan kuma an zo kusa amma shiga ta gagara, sai a kira mai bugu ya ɗaga ƙwallo ta tsakanin wasu dogayen sanduna masu siffar gwafa, a samu maki 3. Ana wasan kashi huɗu ne, kowane minti 15, sai dai da yake ana yawan tsayar da agogo yakan haura awa uku. Akwai mutum ɗaya da komai ke hannunsa, shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari ya yanke shawarar inda zai tura shi. A nan za mu kira shi madugu.

Wani abin da zai ba baƙo mamaki shi ne yadda wasan ɗalibai yake da girma a can. Filayen wasa da suka fi kowanne girma a Amurka na jami'o'i ne, kuma akwai jihohin da ƙungiyar jami'a ta fi gwamna farin jini. Daga nan ne babbar gasar ƙwararru ta NFL take ɗibar 'yan wasanta kowace shekara, kamar yadda ta ɗauki ɗan Accra ɗin nan Ezekiel Ansah a 2013 daga Jami'ar Brigham Young.

Tun 1978 hukumar wasannin jami'o'i ta raba manyan makarantu aji biyu. A lokacin da muke magana, jami'ar da ke babban aji tana da izinin ba 'yan wasa 85 gurbin karatu kyauta, ta ƙaramin aji kuwa 63 ne iyakarta, ban da tazarar kuɗin talabijin da kayan horo wadda ta fi wannan nisa. Daga nan wata al'ada ta samo asali. A farkon kaka babbar jami'a takan nemi ƙarama ta ce zo gidana mu buga, ga kuɗi. Ita babbar ta sayar da tikitin kujeru dubu ɗari, ta motsa jinin yaranta, ta rubuta nasara ɗaya a littafi. Ita kuma ƙaramar ta sha kashi, ta karɓi cekinta ta je ta biya kuɗin mota da na riguna na sauran wasannin makarantar. Kowa ya san ciniki ne, kuma kowa ya san yadda ake so ya ƙare.

Mai gida da baƙonsa

Mishigan ba kanwar lasa ba ce. Tun 1879 take wannan wasa, kuma babu jami'ar da ta kai ta yawan nasarori a tarihi. Tsohon shugaban Amurka Gerald Ford ya buga mata, haka ma Tom Brady. Filinta da ke garin Ann Arbor, wanda aka buɗe a 1927, Babban Gida ake ce masa, kuma tun 1975 ba a yi wasa a cikinsa da mutanen da suka gaza dubu ɗari ba, sai a shekarar annobar korona da aka hana taro. Kocinta Lloyd Carr ya taɓa ciyo mata kambun ƙasa a 1997.

A kakar 2006 ta ci wasa 11 a jere kafin ta faɗi a biyun ƙarshe, a hannun babbar abokiyar gabarta Ohio State da kuma Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Wannan ciwo ne ya sa manyan taurarinta suka zauna suka ƙarasa shekararsu ta ƙarshe a makaranta da niyyar ɗaukar kofi: madugu Chad Henne, da mai gudu da ƙwallo Mike Hart, da wani ƙato mai tare gaba, Jake Long, wanda tsawonsa ya kai mita 2, nauyinsa kuma kusan kilo 140. Ganin haka 'yan jaridar da ke jefa ƙuri'a a jerin gwanaye na kamfanin dillancin labarai na AP suka ɗora Mishigan a matsayi na 5 a duk ƙasar tun kafin a fara wasa. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne, ginshiƙan tsaron bayanta na shekarar da ta gabata, irin su LaMarr Woodley da Leon Hall da Alan Branch da David Harris, duk sun tafi NFL. Ido ya tafi kan masu kai hari, an manta da ƙofar baya.

Ita kuwa Appalachian State tana wani ƙaramin gari ne mai suna Boone, can a kan duwatsu, wanda mutanensa a lokacin ba su kai 20,000 ba. A matsayin makarantar horar da malamai ta taso, asalinta kuwa tun 1899. A 2007 filin wasanta na ɗaukar mutum 16,650 ne a hukumance, ke nan za a iya juye shi sau shida a cikin Babban Gida a samu sarari. Laƙabin ƙungiyar ma 'yan kan dutse ne. Kocinsu Jerry Moore dattijo ne ɗan shekara 68 a lokacin, wanda wata babbar jami'a a Teksas ta taɓa sallama a 1985, ya zo Boone a 1989 ya zauna.

To amma ga abin da masu raini suka tsallake. Waɗannan yara su ne suka ɗauki kofin ƙaramin aji a 2005, suka sake ɗauka a 2006, kuma sun shigo Ann Arbor ne bayan sun ci wasa 14 a jere. Yaron da ya saba dawowa gida da nasara kowace Asabar, yawan 'yan kallo ba ya sa gwiwarsa ta yi sanyi kamar yadda ake zato. Bugu da ƙari, tun 2004 Moore ya watsar da tsohon salon wasa ya rungumi sabo, kuma a nan ne asirin yake.

Salon da manyan jami'o'in yankin su Mishigan suka gada shi ne a tara ƙarti a tsakiyar fili a yi ta ture-ture kamar karon raguna, mai ƙarfi ya danne mara ƙarfi. Wanda bai da ƙarti ba shi da abin yi a irin wannan wasa. Shi kuwa sabon salon sai ya baza masu cafke ƙwallo huɗu ko biyar daga wannan gefen fili zuwa wancan, ta yadda dole masu tsaron baya su ma su bazu, kowa ya ji da nasa shi kaɗai a fili fetal. Ba a tsayawa a yi da'ira a yi shawara tsakanin hari da hari, ana gama wannan sai a ja layi a shiga na gaba, don kada ƙato ya samu damar numfasawa ko a canza shi. Sannan madugu da kansa yana iya zarar ƙwallo ya ruga. A taƙaice an ɗauke wasan daga inda nauyi ke aiki an kai shi inda gudu ke aiki. Ohio State ma ta baza Mishigan kusan haka a 2006 ta zura mata maki 42, amma aka ɗauka don ita ma babba ce.

Madugun 'yan kan dutse wani siririn yaro ne bahago daga garin Greenwood na Karolina ta Kudu, Armanti Edwards, wanda manyan makarantu ba su damu da shi ba lokacin da ya gama sakandare. Shekararsa ta biyu ke nan a jami'a, kuma a shekararsa ta farko ya riga ya ɗauki kofi.

Yadda ta kaya

Da aka fara wasa komai ya tafi yadda mai gida ya tsara. Mishigan ta karɓi ƙwallo ta niƙa hanya, Mike Hart ya shiga gida, 7 da nema. 'Yan kallo suka gyara zama. Ba a jima ba Edwards ya yi wa Dexter Jackson wani ɗan gajeren jifa a tsakiyar fili, shi kuwa Jackson ɗan tsere ne a makarantarsu, sai ya ratsa tsakanin masu tsaro ya bar su suna kallon lambar rigarsa, yadi 68 har gida. Duk wanda ya san wasa ya ga wani abu a wannan gudun, domin babu ko mutum ɗaya a bayan Mishigan da ya iya rage tazarar. Duk da haka kashi na farko ya ƙare Mishigan na gaba da 14 da 7, bayan Henne ya jefa wa Greg Mathews.

A kashi na biyu ne aka ga abin da ba a saba gani ba. Sau uku a jere baƙin suka riƙe ƙwallo, sau uku suka shiga gida. Edwards ya jefa wa Hans Batichon, ya sake jefa wa Jackson daga yadi 20, na ukun kuma ya ruga da kansa ya yi tsalle ya faɗa ciki. Allo ya nuna 28 da 14. Mishigan ta samu bugun maki 3 dab da hutu, aka tafi 28 da 17, mutum dubu ɗari sun yi jugum, wasunsu ma suna yi wa nasu ihu.

Wanda ke cewa sa'a ce ta yi aiki ya dubi abin da ya biyo bayan hutun. Sau uku ƙwallo ya kuɓuce wa 'yan kan dutse ya faɗa hannun Mishigan, biyu an cafke jifan Edwards a sama, ɗaya kuma ya suɓuce masa. Wani sabon ɗalibi mai suna Brian Quick ya tsinci kansa shi kaɗai babu mai tsaronsa, aka jefa masa ƙwallon da zai ba su maki 6, ya faɗi daga hannunsa, dole suka haƙura da maki 3. Mai bugunsu Julian Rauch ya buga wani ya daki sanda ya dawo. Ƙungiyar da sa'a ke bi ba haka wasanta yake tafiya ba. Sun yi kurakuran da suka isa a ci su sau biyu, sai dai ita ma Mishigan ba ta iya cin moriyar duka ba, domin ita ma ta zubar da ƙwallo, Henne kuma ya jefa wani a hannun abokan karawa a lokacin da suka matso gida.

Mike Hart, wanda ya ɗan zauna a benci saboda buguwa a cinya, shi ne ya dawo ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗarsa. Ya shiga gida a ƙarshen kashi na uku, maki ya zama 31 da 26. Sannan saura minti 4 da daƙiƙa 36 a tashi, ya karɓi ƙwallo ya yi ta zulliya yana kauce wa wannan yana ture wancan har yadi 54, Mishigan ta wuce gaba da 32 da 31. A ranar yadi 188 ya ci shi kaɗai. Amma a duka shigar nan biyu Carr ya zaɓi kasadar neman maki 2 maimakon bugun maki 1, kuma duka biyun ba su yi ba. Masana lissafin wasa za su ce a yadda allo yake abin da ya dace ke nan, ban musa ba, sai dai mai karatu ya riƙe a ransa cewa da maki 2 aka ci su.

Ana dawowa Edwards ya yi jifa aka cafke. A nan kowa ya ɗauka zance ya ƙare, yara sun yi ƙoƙari, a tafa musu su kama hanya. Mishigan ba ta buƙatar komai illa ta riƙe ƙwallo ta cinye lokaci, amma ta kasa cin yadi goman da ake bukata, sai ta kira mai bugunta Jason Gingell ya ƙara maki 3 daga yadi 43. Yana bugawa wani dogo ya yi tsalle ya tare ƙwallon da hannu. Ba kowa ba ne illa Brian Quick, yaron nan da ya zubar da maki ɗazu.

Saura minti 1 da daƙiƙa 37, kuma 'yan kan dutse sun riga sun cinye damarsu ta tsayar da agogo. A irin wannan hali ne sabon salon ya biya su, domin wasa cikin gaggawa ba tare da tsayawa shawara ba shi ne abincinsu na kullum. Edwards ya ruga, ya jefa nan, ya jefa can, daga ƙarshe ya zille wa masu binsa ya hango CoCo Hillary a tsakiya ya tura masa, aka kayar da shi saura yadi 5 ya shiga gida. Sun ci yadi 69 ke nan cikin abin da bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba. Rauch ya zo ya buga daga yadi 24, ƙwallo ya bi ta tsakiyar gwafa. 34 da 32, saura daƙiƙa 26.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Daƙiƙa 26 a wannan wasa lokaci ne, kuma Henne yana da hannu. Ya ɗaga wani dogon jifa zuwa gefen dama, Mario Manningham ya cafke shi bayan yadi 46, saura yadi 20 a shiga gida, agogo na nuna daƙiƙa 6. Babban Gida ya ɗauki sowa. Gingell ya sake fitowa, wannan karon daga yadi 37, tazarar da mai bugu na babbar jami'a ya saba ci. Aka ajiye masa ƙwallo, ya ɗaga ƙafa, sai ga wani mai tsaron baya ɗan ajin ƙarshe, Corey Lynch, ya kutso ta gefe babu wanda ya tare shi, ya tokare ƙwallon da jikinsa, ya sure shi ya nufi ɗaya gidan da gudu. An cim masa kafin ya isa, amma lokaci ya riga ya cika. Tare bugu sau ɗaya a wasa abu ne da ba a cika gani ba, su kuwa sun yi sau biyu cikin minti biyu, kuma irin wannan aiki ne da ake maimaitawa a filin horo har ya zauna a jiki.

Bayan an tashi

Wani abin dariya shi ne Amurkawa kaɗan ne suka ga wasan kai tsaye. Wata sabuwar tasha ce, Big Ten Network, wadda aka buɗe kwana biyu kafin ranar, ta nuna shi a matsayin wasanta na farko, kuma gidaje da yawa ba sa kama ta saboda taƙaddamar kuɗi da kamfanonin rarraba tashoshi. An zaɓa mata wasan ne a matsayin ɗan abin taɓawa, sai ga shi ta buɗe da abin da aka fi tunawa da ita.

A Boone ɗalibai suka shiga filinsu da babu kowa, suka tumɓuke sandunan gwafa, suka ɗauka a kafaɗa har ƙofar gidan shugaban jami'a suka ajiye masa. A jihar Ohio kuwa, inda ƙin Mishigan ya zama gado, magoya bayan Ohio State suka shiga neman rigunan Appalachian State suna saye, makarantar da jiya da yawansu ba su san inda take ba. Mujallar Sports Illustrated ta sa hoton Dexter Jackson a bangonta.

An rubuta wasan a matsayin karo na farko da ƙungiyar ƙaramin aji ta doke wadda ke cikin jerin gwanayen AP. Da aka sake jefa ƙuri'a, Mishigan ta faɗo daga na 5 ta fice daga jerin 25 ɗin gaba ɗaya, faɗuwar da ba a taɓa ganin irinta ba a mako guda. Sai kuma wata tambaya ta taso: idan wadda aka ci ta cancanci na 5 a makon jiya, ina za a sa wadda ta ci ta? Aka duba aka ga doka ma ba ta yarda a zaɓi 'yan ƙaramin aji ba. Cikin 'yan kwanaki AP ta sauya dokar. A ganina wannan ya fi komai tona asirin lamarin, wato shekara da shekaru ana jera gwanayen ƙasa alhali akwai wani ɓangare guda da aka hana a ko duba.

Mako guda bayan haka Jami'ar Oregon, mai irin wannan salo na bazawa da gudu, ta zo Babban Gida ta yi wa Mishigan 39 da 7, abin da ya nuna cewa ciwon na gaske ne, 'yan kan dutse sun riga kowa gano shi ne kawai. Kada kuma a ɗauka Mishigan ɗin ta banza ce. Ta farfaɗo ta ci wasa 8 a jere, ta rufe kakar da doke Fulorida 41 da 35 a ranar 1 ga Janairun 2008, kuma Jake Long ne mutum na farko da aka zaɓa a duk ƙasar zuwa NFL a shekarar. Carr ya sanar da ritayarsa a watan Nuwamban 2007. Wanda aka ɗauko ya gaje shi, Rich Rodriguez, yana cikin waɗanda suka yi suna da salon da ya kayar da su, amma da yake yaran da ya tarar an ɗebo su ne don karon raguna, a shekararsa ta farko wasa 3 ya ci aka ci shi 9.

Su ma 'yan kan dutse ba su wuce a ci su ba. A kakar nan ƙananan makarantu biyu 'yan ajinsu, Wofford da Georgia Southern, sun doke su, wanda ya nuna ajin nasu ba na wasa ba ne. Amma sun ƙarasa da ɗaukar kofi na uku a jere, inda suka doke Delaware 49 da 21, bayan Edwards ya ci yadi 313 da ƙafarsa a wasan kusa da na ƙarshe. Shi ne ya fara cin kyautar gwarzon ɗan wasan ƙaramin aji sau biyu, a 2008 da 2009. A NFL bai yi wani tasiri ba, domin an mayar da shi mai cafke ƙwallo, sai daga baya ya koma Kanada ya ɗauki kofi da ƙungiyar Toronto a 2017. Jackson da Lynch da Quick su ma duk an zaɓe su zuwa NFL.

A 2007 ko sisin kwabo daga dala 400,000 ɗin nan bai shiga aljihun yaran da suka yi gumin ba, domin doka ta hana biyan ɗalibi, karatu kyauta shi ne ladansa. Yanzu abin ya sauya. Tun 2021 ɗan wasa yana iya karɓar kuɗin talla da sunansa, yana kuma iya sauya makaranta ya ci gaba da wasa ba tare da zaman jira ba, sannan daga 2025 jami'o'i suka samu izinin biyan 'yan wasansu kai tsaye. Adalci ne ga yaran, ban ja ba, amma ƙananan makarantu ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Edwards ya yi shekara huɗu cur a Boone. Da a yau ne ya yi abin da ya yi a Ann Arbor yana ɗan aji biyu, da wuya ya kai ƙarshen shekara manya ba su yi masa tayin da zai kasa ƙi ba, kuma ƙungiyar da ake kwashe wa gwanaye duk shekara ba ta samun irin sabon da ya kai su yadi 69 cikin minti ɗaya.

Mishigan ta sake ɗaukar kambun ƙasa a kakar 2023, Mike Hart na cikin masu horarwarta. Ita kuwa Appalachian State ta hau babban aji a 2014, kuma wasanta na farko a can a Babban Gida ta buga shi, inda Mishigan ta huce haushinta da 52 da 14. Sai dai al'adar gayyato ƙanana ba ta mutu ba, kuma manya ba su daina kiran 'yan kan dutse ba. A ranar 10 ga Satumban 2022 Jami'ar Texas A&M, wadda ke matsayi na 6 a jerin AP, ta gayyace su gidanta, suka je suka doke ta 17 da 14. Wannan karon dala miliyan ɗaya da rabi aka biya su.